Wayar Gwanaye a Kasuwar Garwa

Duk wanda ya san kasuwar Garwa ta ƙasar Kamaru a 'yan shekarun nan ya san babu hajar da ake yi wa doguwar shawara kafin a saya kamar wayar hannu, domin mutum yakan sayi buhun masara ko turmin atamfa da ganin idonsa da tafin hannunsa, ba ya neman taimakon kowa, amma da zarar maganar waya ta taso, sai ka ga dattijo mai furfura, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana fatauci tsakanin Mubi da Marwa da Ngaundare, ya aika a kirawo masa ɗansa ko ɗan ƙanensa da ke makaranta, ya ce ya raka shi ya zaɓa masa. Yaron nan kuwa sau da yawa yana cikin wata jama'a da ta taso a zamaninmu, samari waɗanda suka mai da sanin waya wani fanni na ilmi, suna bin labarinta cikin Faransanci da Turanci, sun haddace sunan ƙwaƙwalwar kowace waya da adadin idanun kyamararta, suna muhawara a kanta a majalisar shayi da irin zafin da ake muhawarar wasan ƙungiyar ƙwallon Coton Sport da shi. Su ne nake kira gwanaye, kuma sun cancanci sunan, saboda ilmin da ke gare su ilmi ne na haƙiƙa. Abin da nake so mu bincika shi ne ko wayar da ta gamsar da gwani tana gamsar da baban gwani.

Ya kamata a fara sanin cewa akwai wayoyin da tun asali don wannan jama'a aka ƙera su. Kamfanin Google ya soma da jerin Nexus a 2010, don masu son manhajar Android tsantsarta, ba tare da tarkacen da kamfanoni ke cusa mata ba, kafin ya maye gurbinsu da Pixel a 2016. A 2014 wani sabon kamfanin ƙasar Sin mai suna OnePlus ya fito da wayarsa ta farko a kan dalar Amurka 299, wajen rabin kuɗin manyan wayoyin Samsung da Apple na lokacin, ya kuma ce ba mai saya sai wanda aka aika wa gayyata, har mallakarta ta zama alamar shiga sahun hawassu. Andy Rubin, ɗaya daga cikin waɗanda suka assasa Android, ya fitar da tasa mai suna Essential a 2017, masana suka yi ta yabon ƙirarta, amma kamfanin bai wuce watan Fabrairu na 2020 ba ya rufe. Carl Pei, wanda yake cikin waɗanda suka kafa OnePlus, ya koma Landan ya fito da wayar Nothing a 2022, mai bayan gilashi da fitilu a ciki. Akwai kuma ta Asus da aka yi wa masu wasannin waya, da Fairphone ta ƙasar Holan wadda za mu dawo kanta. Abin da ya haɗa yawancin na bayan nan shi ne ƙwaƙwalwa mai tsananin sauri, da fuska mai santsi wadda take sabunta hotonta sau 120 a cikin daƙiƙa, da cajin da ke cika batir a rabin sa'a, da kuma izinin da suke bai wa mai su ya buɗe cikinsu ya sauya manhajar da wata wadda ransa yake so.

Malaman usulul fiƙihu, tun daga Imamu Gazali har zuwa Shaɗibi na Andalus a littafinsa Muwafaƙat, sun kasa maslahar ɗan Adam gida uku: larura, wadda in babu ita al'amari ya lalace ɗungum; da buƙata, wadda in babu ita a sha wuya amma a rayu; da ƙawa, wadda take ƙara wa abu kyau da kamala. Ba don kayan lantarki suka shimfiɗa wannan ƙa'ida ba, amma ban san ma'aunin da ya fi ta dacewa da wannan mas'ala ba, saboda gwani da babansa duka sun yarda larura tana gaban ƙawa, saɓaninsu yana wajen tantance mene ne larura. Abin da ke yanke wannan hukunci kuwa shi ne halin garin da za a yi aiki da wayar a cikinsa. Injiniyan da ya tsara ta ya ƙaddara wa mai saye ɗaki mai sanyi, da wutar da ba ta ɗaukewa, da intanet na gida wanda ba a ƙirga shi, da katin banki, da gidan waya mai kawo kayan gyara har ƙofa. Ko ɗaya daga cikin waɗannan bai rubuta a jikin kwalin ba, domin a wurinsa ba abin faɗa ba ne.

Farkon abin da Garwa take jarraba waya da shi shi ne zafi. Garin yana kwance a kwarin kogin Binuwai, kuma a watannin Maris da Afrilu, kafin ruwan fari ya sauka, ma'aunin zafi yakan haura 40 da rana tsaka, alhali kuwa kamfanin Apple da kansa ya rubuta cewa an tsara wayoyinsa su yi aiki a yanayin da bai wuce 35 ba. Batirin waya na zamani da zafi yake tsufa, ƙwaƙwalwa mai ƙarfi kuma ita kanta zafi take fitarwa, har idan ta ji ya yi yawa sai ta rage gudunta don kada ta ƙone, wato saurin nan da aka biya kuɗi mai yawa dominsa shi ne abu na farko da yake gushewa a aljihun ɗan acaɓa mai yini a rana tsakanin Yelwa da Rumde Ajiya, ko a shagon da rufinsa kwano ne. Caji mai sauri ma zafi yake ƙarawa a kan zafi. Idan hunturu ya kama kuma, ƙura ta cika kafar caji da ta lasifika, ba ta tambayar kuɗin da aka sayi wayar.

Na biyu, wanda ya fi na farko nauyi, shi ne wuta. Mutanen Yola da Makurɗi da Lokoja sun san madatsar ruwa ta Lagdo da ambaliya, don sunanta ake ambata duk lokacin da Binuwai ya yi ambaliya, kamar yadda aka gani a 2012 da 2022, amma a wannan ɓangaren iyaka an san ta ne a matsayin uwar wutar lantarkin jihohi uku, Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa. Sinawa suka gina ta, aka gama a 1982, da ƙarfin megawat 72, a zamanin da Garwa ba ta kai rabin girmanta na yau ba, kuma shekara da shekaru layin wutar arewa a ware yake daga na kudu, ba ya iya aron komai daga manyan madatsun kogin Sanaga. Da ruwan Lagdo ya ja baya ƙwarai a 2021, sai aka shiga raba wuta unguwa-unguwa, wadda ta samu da rana ta rasa da dare. Tashoshin hasken rana da aka kafa a Gider da Marwa, masu megawat 30 a haɗe, sun kawo sauƙi, amma wanda ya sha wannan wahala ba ya mantawa, balle mutumin ƙauyukan da ke kewaye da Pitowa ko Ngong, wanda waya ba ta cika sai ya kai ta shagon mai caji ya biya. Shi ya sa tambayar farko da za ka ji daga bakin mai saye ita ce, “Malam, kwana nawa take riƙe caji?” Adalci shi ne a ce wayoyin gwanaye na bayan nan ma an ƙara musu girman batir, sai dai fuskarsu mai haske da ƙwaƙwalwarsu mai gudu suna cinye abin da aka ƙara. Gwani zai ce ai cikin minti 30 take cika, kuma gaskiya ya faɗa, amma amsarsa tana amfani ne ga wanda akwai wuta a bangon ɗakinsa a lokacin da ya nema. Sa'an nan tun da Apple ya daina saka kan caja a kwali a 2020, wasu kamfanoni suka bi sahu, sai mai saye ya koma ga cajar kasuwa, wadda ba lalle ne ta ba da saurin da aka yi masa alkawari ba.

Sai maganar layi. Ɗan kasuwar Garwa ba ya riƙe layi ɗaya, domin wani abokin cinikinsa da Orange Money yake biya, wani da MTN Mobile Money, inda wannan layin yake kamawa wancan ba ya kamawa, kuma in yana ƙetarawa Yola ko Mubi sai ya ƙara da layin Nijeriya. Yadda mutane suka gaji da raunin sabis ya bayyana a watan Afrilu na 2023, sa'ad da jama'a a duk faɗin Kamaru suka riƙa katse wayoyinsu daga layi tun daga tsakar rana har ƙarfe biyu don nuna fushinsu ga kamfanonin sadarwa. A irin wannan hali gurbin layi biyu larura ne. To, Pixel gurbi ɗaya gare ta, na biyun layi ne na cikin manhaja wanda ba a riƙe shi a hannu, iPhone 14 da aka yi wa kasuwar Amurka kuwa ba ta da gurbin ko ɗaya. Haka kuma wanda ya sayi waya mai 5G a 2022, shekarar da aka fara wannan sabis a Nijeriya, ya kawo ta Garwa, ya biya kuɗin abin da ba shi da inda zai yi aiki da shi.

Akwai wasu ƙananan abubuwa biyu da gwanayen Turai suka yarda a cire musu ba tare da sun damu ƙwarai ba, alhali a nan manya ne. Ɗaya kafar abin sauraro na kunne, wadda Apple ya cire a 2016 saura suka kwaikwaya. Wannan igiya ta kunne ita ce eriyar rediyon da ke cikin waya, Garwa kuwa garin rediyo ce tun zamanin da ake kama tasharta a gajeren zango har Kano da Katsina, kuma rediyo ba ya cin data. Ɗayan gurbin katin ajiya. Duk wanda ya ga yadda ake tsayawa gaban masu tura karatu da fina-finai a kwamfuta, wannan yana son tafsirin azumin bara, waccan tana son fim ɗin Kano, wancan yana neman waƙoƙin Fulatanci, ya san cewa wannan ɗan kati shi ne ɗakin karatun talaka da gidan kallonsa, yana ciro shi daga tsohuwar waya ya mayar a sabuwa ba tare da ya rasa komai ba. Da za ka ce masa ya ajiye kayansa a intanet, ka umurce shi ne ya riƙa biyan kuɗi duk lokacin da zai saurari abin da ya riga ya mallaka.

Amma inda mas'alar take da zurfi shi ne ranar da wayar ta faɗi. Kowa ya ga dawakin da ake hawa gaban fadar Lamido ranar Salla ya san babu dabbar da ta kai su kyau da gudu, kuma kowa ya san dokin nan bai tsaya da ƙafafunsa kaɗai ba, a bayansa akwai barga da mai kiwo da hatsi da mai magani, wanda duk ya karɓi dokin ba tare da waɗannan ba ya karɓi nauyin da zai kayar da shi. Haka waya take. Abin da mutum yake saya ya haɗa da akwatin kayan gyaran da ke hannun yaron nan mai zama da ɗan teburi da abin narka dalma a bakin kasuwa, ko bai sani ba. In gilashin Tecno ko itel ko ƙaramar Samsung ya fashe da hantsi, kafin la'asar an sauya shi, saboda kayansu suna shigowa kullum daga Duwala, ta jirgin ƙasa zuwa Ngaundare inda dogo ya ƙare sa'an nan ta mota, ko daga kasuwar Farm Centre ta Kano ta hanyar Yola da Mubi, kuma mai gyara ya buɗe irinsu har hannunsa ya haddace. In kuwa wayar da ba ta da wakili a ƙasar ce, kamar Pixel wadda Google ba ya sayar da ita a hukumance a Kamaru, to sai mai gyara ya juya ta ya ce, “Alhaji, wannan sai an aika,” a yi makonni ana jira, in kayan ya iso a tarar kuɗin gilashin kaɗai ya isa a sayi sabuwar waya ƙarama, wani lokaci kuma wanda aka aiko ɗin na jabu ne, yatsa ba ya buɗe wayar da shi. A duk tsawon wannan jira mai wayar a yanke yake daga abokan cinikinsa da kuɗinsa, domin waya a yau ita ce jakar kuɗi da littafin bashi da manzon da ake aika wa dillali.

Haɗe da wannan akwai wani abu da masu yabon waya a YouTube ba su cika ambata ba, wato ranar sayarwa. Ga mai ƙaramin ƙarfi waya ajiya ce. Idan rashin lafiya ya faɗo, ko watan Satumba ya zo da kuɗin makaranta, ko lokacin sayen taki ya yi kafin kamfanin Sodecoton ya biya kuɗin auduga, ita ake fara ɗauka a kai kasuwa. Wadda kowa ya san sunanta takan sami mai saye nan take da farashin da aka sani, amma wadda sai an yi bayanin ko wace ce, dillali zai taya ta da rabin ƙimarta, kuma ba zalunci ya yi ba, shi ma yana tsoron ta kwana a hannunsa.

Kuɗin ma ba abin rainawa ba ne. A 2023 gwamnatin Kamaru ta tsayar da mafi ƙarancin albashi a kan sefa 45,000 ga ma'aikatan gona, da 60,000 ga sauran ma'aikatan kamfanoni, kuma a shekarar nan aka fito da Fairphone 5 a kan yuro 699, wanda ya haura sefa 450,000 tun kafin a yi maganar kuɗin jirgi da na kwastan. Lebura a gonar auduga sai ya tara albashin wata goma bai ci bai sha ba. Wanda yake son ya san yadda farashin waya yake taɓa zuciyar mutane ya tuna watan Oktoba na 2020, lokacin da aka shirya karɓar harajin kashi 33 cikin 100 na ƙimar kowace sabuwar waya ta hanyar cirewa daga kuɗin kiran mai ita, matasa suka yi ca a intanet, har Shugaba Paul Biya ya ba da umurnin a dakatar.

An taɓa gwada kawo aƙidar gwanaye ga talakan Afirka da farashin talaka, kuma abin da ya faru ya isa darasi. A watan Maris na 2015 kamfanin Orange ya sanar da wata waya mai suna Klif a kan yuro 35, don ƙasashe 13 da suka haɗa da Kamaru da Nijar, tana aiki da manhajar Firefox OS ta ƙungiyar Mozilla. Niyyar masu manhajar kyakkyawa ce, suna son waya buɗaɗɗiya wadda ba ta ƙarƙashin ikon Google ko Apple, wayar kuma tana ɗaukar layi biyu, ga araha. Sai dai babu WhatsApp na asali a cikinta. Ga mutumin da ba ya rubutun boko sosai, wanda duk cinikinsa da zumuncinsa a saƙon murya suke, cikin Fulatanci ko Hausa, 'yancin manhaja bai maye masa gurbin muryar ɗan'uwansa ba. Kafin shekarar ta ƙare Mozilla ta sanar da janye hannunta daga harkar wayoyi. Daga burbushin wannan manhaja aka gina KaiOS, wadda ta koma kan ƙananan wayoyi masu maɓalli, aka saka mata WhatsApp a 2019, sa'an nan ne ta sami karɓuwar da uwarta ba ta samu ba.

Kamfanin da ya fahimci wannan tun da wuri shi ne Transsion na birnin Shenzhen, mai Tecno da itel da Infinix, wanda aka kafa a 2006 ya fuskanci Afirka a lokacin da manya suke ganin ba ta da riba. Ya yi wayoyi masu layi biyu, wasu har huɗu, ya girmama batir, ya gyara kyamara yadda za ta fitar da fuskar baƙin mutum sarai, ya saka rubutun Hausa da Suwahili da Amhariyanci, ya kafa masana'anta a Habasha a 2011, ya buɗe cibiyoyin gyara da ake kira Carlcare, har ya wayi gari yana riƙe da fiye da kashi 40 cikin 100 na kasuwar manyan wayoyi a nahiyar. A cikin abin da ya yi babu wata fasaha da ta gagari sauran kamfanoni. Abin da ya fi su da shi shi ne ya aiko mutanensa kasuwa suka saurari tambayoyin masu saye.

Da zan tsaya a nan da na zalunci gwanaye, domin akwai wuri guda da gaskiya take tare da su, kuma wurin ya fi duk abin da na lissafa hatsari. A watan Agusta na 2020 masu binciken tsaro na Secure-D suka bayyana cewa sun gano muguwar manhaja mai suna Triada a cikin wayoyin Tecno W2 kimanin 53,000, a ƙasashen da suka haɗa da Habasha da Masar da Gana da Kamaru, wadda tun daga kwali take ciki, tana yi wa mai wayar rajistar hidimomin kuɗi a ɓoye, tana cinye masa data da kuɗin kira. Kamfanin ya amsa cewa abin ya faru, ya ce daga wani mai kawo masa kaya ne, ya kuma ce ya fitar da gyara. Mutum nawa ne a Garwa ko Marwa suka ga kuɗinsu yana zurarewa suka ɗora laifin a kan yara ko a kan kamfanin layi? Wannan shi ne abin da gwanaye suka daɗe suna faɗa ana ɗauka iyayi ne: cewa waya mai araha sau da yawa ana cike giɓin kuɗinta da tallace-tallace da manhajojin da ba a iya gogewa, kuma ana daina aiko mata da gyaran tsaro bayan ɗan lokaci kaɗan, ta zauna a buɗe ga ɓarayi alhali jikinta lafiya lau. A watan Oktoba na 2023 WhatsApp ya daina aiki a wayoyin da Android ɗinsu bai kai na 5 ba, wayoyin da batirinsu da gilashinsu ba su da wani aibu suka zama ba su da amfani ga masu su. A watan nan kuma Google ya yi alkawarin sabunta Pixel 8 har shekara bakwai, Samsung ya bi shi da irin wannan alkawari a manyan wayoyinsa a farkon 2024. Tun da waya ta zama ma'ajiyar dukiya, kiyaye dukiya kuwa yana cikin larurori biyar da malamai suka ƙidaya, to wannan abu ya tashi daga babin ƙawa ya koma babin larura, ko da mai saye bai san ya tambaye shi ba.

Duk almajirin da ya karanta babin ciniki a Risala ta Ibn Abi Zaid ya san cewa algus haramun ne, ɓoye aibin haja haramun ne, kuma wanda ya tarar da aibin da aka ɓoye masa yana da zaɓin mayarwa. Wahalar zamaninmu ita ce aibin waya ba a ganinsa da ido, sau da yawa mai shagon ma bai san da shi ba. Wannan ya fi tsanani a wayoyin gwanjo da ake shigo da su daga Turai da Amurka da Dubai, waɗanda ta hanyarsu ne galibin samarinmu suke kai wa ga wayar gwanaye: batir ya riga ya tsufa, wata a kulle take da layin wata ƙasa ko da asusun tsohon mai ita, wata kuma shekarun sabuntawarta sun kusa ƙarewa, saurayi ya saya da murna bai san saura mata 'yan watanni ba.

Ba na musun cewa akwai waɗanda irin wannan waya take biya wa buƙata ta gaskiya. Mai ɗaukar hoton biki, da yarinyar da take tallan turarenta da ɗinkinta a TikTok da Facebook, da ɗan jaridar da ya ɗauki wasannin gasar Afirka a filin Rumde Ajiya a watan Janairu na 2022, duk waɗannan kyamara mai kyau jarinsu ce, kuɗin da suka zuba yana dawowa. Su kaɗan ne, kuma sun san abin da suka shiga. Damuwata tana kan dattijon nan da ya miƙa wa yaro amanar zaɓi. Yaron da aka ce ya zaɓa wa babansa waya ya hau matsayin mai ba da fatawa, sharaɗin mai fatawa kuwa shi ne ya san halin mai tambaya da urfin garinsa kafin ya buɗe baki. In ya zaɓa masa abin da shi kansa yake sha'awa, ya ci amana ko da bai yi nufi ba. In kuma ya bar shi ya ɗauki mafi araha ba tare da ya duba ko ana sabunta ta ba, ko akwai abin da aka cusa mata, to ya ɓoye ilmin da dominsa aka kira shi.

Na ce za mu dawo kan Fairphone. A duk wayoyin gwanaye ita ce tunaninta ya fi kusa da na kasuwarmu, domin a Fairphone 5 da hannu ake cire batirinta, da ƙaramin sukundireba ake sauya gilashinta da kyamararta da kafar cajinta, kuma masu ita sun yi alkawarin sabunta ta biyar ɗin har 2031. Abin da mai gyaran waya na Garwa yake yi kullum don tilas, shi suka mayar aƙida, sai dai sun yi ta ne don Bature, da kuɗin Bature, kayan gyaranta kuma a Turai suke. Tarayyar Turai ta ɗauki wannan tunani ta mai da shi doka, daga 20 ga Yuni 2025 duk wayar da za a shigar kasuwarta sai an tanadi kayan gyaranta na shekara bakwai bayan an daina sayar da ita, da sabunta manhajarta na aƙalla shekara biyar. Dokar ba ta ƙetaro teku ba, kuma kamfani yana iya bin ta a Faris ya bar ta a Duwala. Kamaru tana da hukumar kula da sadarwa, ART, wadda aikinta ya haɗa da amincewa da na'urorin da ake shigowa da su, kuma ko ba ta kai ga tilasta shekara biyar ba, tana da ikon ta ce kowane kwali a rubuta masa, da manyan lambobin da mai saye zai gane ko bai iya Faransanci ba, shekarar da kamfani zai daina kula da wayar da ke ciki. Kamfanin da ya iya gyara kyamararsa don fatar jikinmu, ya iya saka layi huɗu a waya ɗaya saboda an nema, zai iya wannan ma ranar da masu saye a Garwa da Marwa da Ngaundare suka fara tambayarsa tare da tambayar caji.